Bai Yi Mini Laifi Ba, Amma Zuciyata Ta Fita: Sai Na Ƙaga Masa Laifi Kafin a Raba Mu?

Wata baiwar Allah ce ta rubuto mana daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Shekara tara ke nan da aurena, ƴaƴanmu biyu, namiji mai shekara takwas da mace mai shekara uku. Iyaye ne suka haɗa mu. Maigidana ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma tsakanina da Allah zuciyata ba ta tare da shi, har ta kai in na ji sallamarsa a ƙofar gida ƙirjina ya yi nauyi, kuma na san ba na ba shi haƙƙinsa. Na yi yaji sau biyu, aka yi biko, na dawo. Na roƙe shi ya sawwaƙe mini, ya ce sai na biya shi jika ɗari bakwai, wato sefa dubu ɗari bakwai, wai abin da ya kashe a aurena ke nan, alhali sadakina jika hamsin ne. Wata ƙawata ta ce in je jastis in ce yana dukana, don in babu laifi ba za a raba mu ba. Na kuma ji a rediyo cewa Ingila ta sauya doka, yanzu ana raba aure ba tare da an kawo laifin kowa ba. Wannan doka ta iso nan? In ba ta iso ba, ina mafita?"

Ƴar'uwa, Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, ke da shi da yaran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba za mu tsaya muna yi miki wa'azin haƙuri ba, mun san a shekara tara kin sha jin sa daga bakin waɗanda suka fi mu kusa da ke.

Shawarar ƙawarki ki ajiye ta tun yau. Ƙaga wa mutum dukan da bai yi ba zalunci ne, kuma duk wanda kika jawo ya tsaya miki a kai kin jefa shi cikin shaidar zur. Ko ta fuskar neman nasara ma, hanya ce mai kayar da mai ita. Alƙali zai tambaye ki ranar da aka yi dukan, da inda aka yi, da wanda ya gani ko ya ji ihu, da takardar likita. Maigidanki zai zo da maƙwabta da limamin masallacinsu su ce shekara tara ba su taɓa jin kanku ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da zarar an kama ki a wannan, duk abin da za ki faɗa daga baya a kan riƙon yara da kuɗin cinsu an riga an saka masa alamar tambaya. Ga kuma yaronki mai shekara takwas, wanda ya isa ya ji a bakin yaran unguwa cewa uwarsa ta ce ubansa mai duka ne, shi kuwa ya san bai taɓa gani ba. Kuma duk wannan wahala ba ki da bukatarta, domin akwai ƙofar da mace ke fita ta cikinta ba tare da ta ɗora wa miji laifi ba.

Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne. A Ingila da Wales, kafin 6 ga Afrilu 2022, mai neman a raba aure sai ya tabbatar da ɗaya daga cikin abubuwa biyar: zina, ko mugun hali da ba za a iya zama da shi ba, ko gudu a bar mutum shekara biyu, ko zaman rabe na shekara biyu in duka sun yarda, ko na shekara biyar in ɗaya ya ƙi. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ƙara wa ƙaramin laifi gishiri don kada su jira shekaru, irin dai shawarar da aka ba ki. A 2018 wata mata mai suna Tini Owens ta kai har kotun ƙoli ta ƙasar, aka ce laifuffukan da ta lissafa ba su kai ba, mijin kuma ya ƙi yarda, sai ta jira shekara biyar ɗin ta cika. Shari'arta ta tayar da ƙura, aka yi sabuwar doka a 2020, ta fara aiki a 2022. Yanzu mutum ɗaya, ko su biyun tare, zai rubuta cewa auren ya mutu ba gyara, kotu ta karɓi maganar haka nan, ɗaya ɓangaren kuma ba shi da ikon musantawa. Sai dai ba a rana ɗaya ake gamawa ba: ana jira mako 20 kafin hukuncin farko, da wani mako 6 kafin na ƙarshe. Ingila ma ta makara. Jihar Kalifoniya a Amurka ta fara tun 1970, Faransa kuma ta buɗe rabuwa ta yardar juna a 1975, daga 2017 har ba sai an je gaban alƙali ba in ma'auratan sun daidaita.

To amma waɗannan dokoki na mazauna can ne, ba su da iko a kan auren da aka ɗaura a Damagaram tsakanin mutanen da ke zaune a Damagaram. Nijar ba ta yi irin wannan sauyi ba. Hasali ma har yau ba mu da kundin dokar iyali guda ɗaya: an gwada a farkon shekarun 1990, aka sake gwadawa a 2011, duka biyun suka tsaya saboda adawar ƙungiyoyin addini. Abin da ake aiki da shi hanya biyu ce. Wanda ya zaɓi a ɗaura masa aure bisa kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, shi kam sai ya kawo laifi, kamar zina, ko duka da cin mutunci mai tsanani, ko hukuncin babban laifi a kan abokin zama. Irin waɗannan ma'aurata ba su da yawa. Sauran jama'a, waɗanda aka ɗaura musu da waliyyi da sadaki da shaidu da fatiha, al'adarsu ce ke hukunci a kansu. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da ta 2018 da ta maye gurbinta, sun ce a maganar aure, saki, riƙon yara da gado, kotu za ta yi aiki da al'adar masu shari'a muddin ba ta ci karo da doka ko yarjejeniyoyin da ƙasa ta sanya wa hannu ba. Alƙalin gwamnati kan zauna da masu ba shi shawara biyu da suka san al'adar, yawanci malamai, kodayake hukuncin nasa ne. Idan al'adar miji da ta mata sun bambanta, misali shi Babarbare ne ke Bahaushiya, ta matar ake bi in ƴar ƙasa ce. A wannan gari kuwa, in an ce al'adar aure, mafi yawanta fiƙihun Malikiyya ne gauraye da abin da aka gada.

In kina da takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari, ki ɗauko ta ki ba wanda ya iya Faransanci ya duba miki a kan wace hanya aka rubuta auren. Yin rajistar auren gargajiya a ofishin magajin gari ba ya mayar da shi auren kundin Faransa. Daga yadda kika ba da labari, naki na al'ada ne, kuma a kansa za mu yi magana.

Ƙofar da muke nufi ita ce hul'i, abin da iyayenmu ke kira fansar kai. Asalinsa yana cikin Suratul Baƙara aya ta 229, da hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu wanda Bukhari ya ruwaito. Ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce ba ta aibata mijinta a hali ko a addini, amma tana tsoron abin da zama da shi zai jefa ta. Ba a ce ta kawo shaidar duka ba, ba a ce ta lissafa laifi ba. An tambaye ta ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta ce za ta mayar, aka ce masa ya karɓi gonar ya sake ta saki ɗaya. Ki dubi maganarta ki dubi taki: "ba ya duka, ba ya zagi, amma ba na ba shi haƙƙinsa." Kusan abu ɗaya ne. Za a iya karanto miki hadisin da ya yi gargaɗi ga macen da ta nemi saki ba tare da wani dalili ba. Hadisin yana nan, amma malamai sun ɗauke shi a kan mai neman saki don wasa ko don wani ya hure mata kunne. Ƙiyayyar da ta kai mace ga kasa sauke haƙƙin aure dalili ce, ita ce ma ayar ta ambata.

Kafin ki kama wannan hanya, ki zauna ki binciki zamanku da kyau, domin mata da yawa suna cikin cuta ba su san sunanta cuta ba ne. A Malikiyya cutarwa ba duka kaɗai ba ce. Ƙaurace wa shimfiɗa ba dalili, yanke magana, zagin mace ko iyayenta, duk suna ciki. Rashin ci da tufafi da wurin kwana shi ma dalili ne mai zaman kansa. Ƙara aure kuwa ba ya ciki, sai in an tauye rabon kwana ko na abinci. Bambancin yana da nauyi a aljihu: wadda ta tabbatar da cuta, alƙali zai raba ta ba ta biya ko dala ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure na garin nan, ta faɗa ƙarara cewa mace na iya fansar kanta da sadakinta, ko ƙasa da shi, ko sama da shi, in ba cutar da ita aka yi ba. In kuwa cuta ce ta sa ta biya, za a mayar mata da abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata. Ana ma karɓar shaidar ji a nan, wato maƙwabta su ce abin ya bazu a unguwa. In bayan binciken nan kin ga babu komai, to ki tsaya a kan gaskiyarki.

Sai maganar jika ɗari bakwai, wadda ita ce ainihin abin da ya tare miki hanya. Dole mu gaya miki abin da ba zai yi miki daɗi ba: mazhabarmu ba ta haramta wa miji karɓar fiye da sadaki ba in matar ta yarda. Amma halascin abin da aka yarda da shi daban, ikon yanka wa mace kuɗin da aka san ba za ta iya biya ba don a daure ta daban. Suratun Nisa'i aya ta 19 ta hana ƙuntata wa mata don a ƙwace wani abu daga abin da aka ba su, kuma a ruwayar Ibn Majah ta wancan hadisi an umarci Sabitu ya karɓi gonarsa kada ya ƙara. Ma'aunin da ake farawa da shi sadaki ne, wanda aka ambata da baki ranar ɗaurin aure, gaban jama'a, kafin a raba goro da dabino. Don haka aikinki na farko shi ne ki tabbatar da adadinsa. Waliyyinki ya sani, wakilin ango ya sani, limamin da ya ɗaura ya sani. Ki sa a tuntuɓi biyu daga cikinsu tun yanzu, tun ba a shiga rigima kowa ya fara mantuwa ba.

Daga nan ki ce maigidan ya warware jika ɗari bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a takarda. In aka yi haka za ki ga yawancinsu kuɗin biki ne: rago, shinkafa, hayar kujeru da rumfa, makaɗa, motocin kai amarya. Waɗannan an ci an shanye, danginsa da abokansa ma sun ci, ba bashi ba ne a kanki. Ci da sha da tufafi na shekara tara wajibinsa ne ya sauke, ba rance ya ba ki ba. Inda ake ja-in-ja da gaske shi ne kayan lefe da kuɗin da aka kai gidanku kafin ɗaurin aure. Atamfar da aka ɗinka aka sa har ta koɗe babu mai hankalin da zai ce a dawo da ita sabuwa, amma in akwai zinariya ko wani abu mai daraja da ya rage, shi ne abin da za ki iya ajiyewa a kan tabarma in ciniki ya yi tsauri. A ganinmu, in ƙarin jika ashirin ko talatin a kan sadaki zai sa a rabu cikin mutunci a zama ɗaya, ya fi watanni kina zarya a kotu, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya cinye su. Ba dole ba ne kuɗin ya fito daga hannunki, mahaifinki ko yayanki na iya biya, ana kuma iya yarda a biya kashi-kashi in an rubuta ranakun.

Yadda za ki bi abin daki-daki kuwa, ki fara da waliyyinki. Kada ki sake yin yaji a wannan karo. Macen da ta bar ɗakinta ba izini ba cuta, ana iya ɗaukar ta mai bijirewa, ciyarwarta ta faɗi, kuma kin ba shi abin faɗa a gaban manya. Da a ce akwai duka ko barazana ga ranki, da mun ce ki fita yau, amma ba haka kika ce ba. Ki gaya wa Baba ko wanda ke matsayinsa magana ɗaya, wadda ba za ki sauya ba ko'ina aka je: ba ki zargin mijinki da komai, kin kasa zama, kina tsoron Allah a kan haƙƙinsa, kin shirya mayar da sadaki. Shi zai nemi magabatan mijin a zauna.

In zaman gida bai yiwu ba, sai mai unguwa, daga nan fadar Sarkin Damagaram a Birni, inda malaman fada ke sauraron irin waɗannan matsaloli. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu, ba ikon yanke hukunci na tilas ba. Suna rubuta takardar sulhu in an daidaita, ko ta rashin daidaitawa in an kasa. Ki kula ƙwarai a nan: takardar sulhun da kika sa wa hannu ko kika dangwala wa yatsa tana da ƙarfi, ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa, warware ta kuma da wuya. Kada kunyar manya ta sa ki dangwala a kan abin da ba a karanta miki da Hausa ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, a karanta mini in ji," ba rashin ladabi ba ne. A wannan mataki ne kuma ya kamata waliyyinki ya nemi a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce. Mutane da yawa ba su san cewa a Malikiyya waɗannan biyun ba ƴan rarrashi kaɗai ba ne. In sun yi iya ƙoƙarinsu suka ga zama ba zai yiwu ba, suna da ikon raba auren ko da mijin bai so ba, da fansa in rashin son daga matar ne, ba fansa in cutar daga gare shi ce. Wannan ita ce amsar mai cewa "in ban furta ba babu mai raba mu." Ƙasashen Musulmi da suka gyara dokokinsu ma daga nan suka ɗebo: Masar a 2000 ta ba mace ikon hul'i a kotu ko miji bai yarda ba bayan an gwada sulhu, Maroko kuma a 2004 ta buɗe rabuwa saboda saɓani, ta ce kotu ta gama cikin wata shida.

In duk an yi ya kafe, sai jastis. Ki je wurin magatakardan alƙalin da ke kula da shari'un al'ada ki shigar da ƙara, za a ba da sammaci a kai masa. Ki tafi da katin shaidarki, takardar aure in akwai, takardun haihuwar yara, takardar rashin daidaitawa daga fada in an ba ki, da mutanen nan biyu da suka san sadaki. Alƙali zai fara da neman sulhu, yana iya ɗaga zama ya ce ku je ku sake tunani, kada wannan ya karya miki gwiwa. Abin da ya fi kashe ƙarar mata shi ne rashin zuwa ranar da aka saka, ko sauya magana tsakanin zama da zama. In ya tabbata ke ce mai son fita kuma ba laifin mijin, abin da aka saba shi ne a raba auren a ɗora miki mayar da sadaki. In ba ki da halin lauya, hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofishi a babbar kotu, bayani kyauta ne. Ranar da aka yanke hukunci ki tambayi magatakarda yaushe wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika, don kada ki ɗauka an gama alhali shi yana da sauran dama.

Yanzu wurin da muka fi jin tsoro a kanki, wato yara. Mijin da ya ga ba zai samu jika ɗari bakwai ba yakan juya ya ce, "To na yafe kuɗin, ki bar mini ƴaƴana," ko "ki ɗauke su amma kada ki tambaye ni ko sisi." Macen da ta gaji takan amsa da sauri don ta samu ta fita, bayan wata uku ta dawo tana kuka. Dokar Masar ta hana a saka riƙon yara ko kuɗin cinsu cikin fansa, amma a fiƙihun da ake bi a nan irin wannan sharaɗi na iya ɗaure ki in kin yarda da shi. Don haka kada ki yarda. Ki ce fansarki kuɗi ce, maganar yara a yi ta daban. A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba sai riƙon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa kafin a je ga dangin uba. A al'adar gari kuwa an saba cewa yaro in ya kai shekara bakwai ya koma gidan ubansa. Ɗanki ya wuce bakwai, saboda haka ki shirya jin wannan magana, kuma ki san alƙali zai duba inda yaron zai fi samun kulawa: wa ke kai shi lakwal da makarantar allo, wa ke gida in uban ya fita kasuwa, akwai matar uba ko babu. Ta shekara uku kam da wuya a raba ki da ita. In har babban zai zauna wurin ubansa, a rubuta ranakun da zai zo miki, da hutun makaranta da na salla, kada a bar shi a "ai ɗanki ne, duk lokacin da kika so."

Ciyar da yara, tufafinsu, maganinsu da karatunsu a kan uba suke ko a hannun wa suke. A rubuta adadi a wata da ranar biya. "Zan dinga aikowa" ba adadi ba ne. Ya fi kyau kuɗin ya dinga zuwa ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, saboda rasit, in ya daina kina da abin nunawa.

Ranar da za a kammala, a yi komai a zama ɗaya: kuɗi a hannun waliyyinki, shaidu biyu maza masu mutunci, a ƙirga a gabansu, ya karɓa, ya furta, a rubuta. Kada a aika masa kuɗi yau a ce zai rubuto takarda gobe. An sha ganin wanda ya karɓa ya ce ai bashin da yake bin surukinsa ne aka biya. Takardar ta ƙunshi sunanku, kwanan wata, kalmar hul'i, adadin da aka biya, da cewa ba ya bin ki komai bayan wannan. Kalmar hul'i tana da muhimmanci domin saki ne yankakke: ba shi da ikon ya ce ya mayar da ke cikin idda, sai da sabon ɗaurin aure, sabon sadaki, da yardarki. In aka rubuta "na sake ta saki ɗaya" kawai ba a ambaci fansa ba, kin bar masa ƙofar da zai zo bayan sati biyu ya ce ya yi kome. Ki sani kuma hul'i yana cin igiya ɗaya. Yajin da kika yi sau biyu ba saki ba ne, amma in a cikinsu ya taɓa furta saki, ki faɗa wa malamin da ke zaman don a ƙirga daidai.

Kayan ɗakinki naki ne, ba sa cikin fansa sai in ke kika saka su. Gado, katifa, kwanuka, kabad da duk abin da iyayenki suka kai, ki ɗauki hotonsu da waya tun yanzu, ƴar'uwarki ɗaya ta rubuta su. In aka yi gardama a kan wani abu babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka san na mata ne a ba mace da rantsuwa, na maza a ba namiji. Ba a fafe gora ranar tafiya: takardun haihuwar yara, katin allurar rigakafin ƙaramar, da takardunki na makaranta ko na sana'a, ki san inda suke kafin ranar kwashe kaya.

Iddarki tsarki uku ce a Malikiyya, in kuma da ciki sai kin haihu. Za ki ji wasu malamai na cewa jini ɗaya ya isa ga mai hul'i, magana ce da ke da masu ita, amma ki bi ukun, domin ita ce za a tambaye ki a fada da kotu, kuma babu mai zuwa daga baya ya soki auren da za ki yi. A cikin iddar ba ki da ciyarwa a kansa sai in kina da ciki, wurin zama ne kawai haƙƙinki, don haka ki tanadi abin da zai riƙe ki wata uku, ki kuma yi magana da gidanku a kan ɗakin da za ki sauka da yarinya.

Ko da a gida aka gama komai lafiya, kada ki tsaya a kan ƴar takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, balle saƙon murya na WhatsApp. Ki kai ta gaban alƙali tare da shi ko da shaidun, a tabbatar da rabuwar, a ba ki takardar kotu mai hatimi, sannan a kai meri a rubuta a rajista in auren yana da rajista. Ita za a nema ranar da za ki sake aure, ko za ki yi wa yara fasfo, ko in ya daina aiko da kuɗinsu kika koma ƙara. Ki yi mata kwafi biyu, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin waliyyinki, asalin kuma ki sa a leda ki ajiye a ƙasan akwati.